Yadda Ake Bin Sawun Asenik a Sel Ɗin Huhu Har Zuwa Sankara: Jagorar Ɗakin Gwaji

Wanda ya zuba asenik, wani sinadari mai guba, mai yawa a kan ƙwayoyin sel na huhu, ya dawo washegari ya tarar sun mutu, guba kawai ya gani, bai ga sankara ba. Mataccen sel ba ya zama ƙari. Sankara tana fitowa ne daga sel ɗin da ya sha ɗan kaɗan, ya rayu, ya ci gaba da rabuwa wata da watanni alhali kayan gyaransa sun gurgunce. Don haka gwajin da za a bayyana a nan gwaji ne na ƙaramin adadi da dogon lokaci, kuma yawancin kurakuran da ake yi a cikinsa daga gaggawa suke tasowa.

Cewa asenik yana jawo sankarar huhu ga ɗan Adam ba abin jayayya ba ne. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sanya shi a rukuni na 1, kuma ta ambaci huhu da fata da mafitsara. Ma'aikatan masana'antun narka tagulla a Tacoma da Anaconda a Amurka, da Ronskar a Suwidin, ta numfashi suka shaƙe shi. Amma abin da ya fi ɗaure kai shi ne ko ta baki aka sha, huhu yana kamuwa. A birnin Antofagasta na arewacin Chile, daga 1958 zuwa 1970, ruwan famfo yana ɗauke da kusan maikurogiram 860 a kowace lita, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a yau 10 ce. An gyara ruwan, amma mutuwa daga sankarar huhu ta ci gaba da yin yawa shekaru da dama bayan haka, har ga waɗanda suka sha ruwan tun suna ciki ko suna ƙanana. Wannan jinkirin shi ne abin da mai gwaji yake ƙoƙarin bayyanawa.

Abin da ke faruwa a cikin sel

Kafin a taɓa kwalba sai an san abin da za a auna. Asenik na cikin ruwa iri biyu ne: asenet, wato As-V, da asenait, wato As-III. Asenet ya yi kama da fosfet, saboda haka ta ƙofofin shigar fosfet yake bi. Asenait kuwa a ma'aunin pH na jiki ba shi da caji, siffarsa ta yi kusa da ta gilisarol, sai ya sulale ta ramukan da ake kira akwagilisaroforin, irin su AQP7 da AQP9. Da zarar asenet ya shiga, sel yana mayar da shi asenait da taimakon gulutatayon, sinadarin kariya mai sulfa da ke cikin sel. Daga nan enzayim ɗin AS3MT, wanda ya fi yawa a hanta, yake liƙa masa metil da yake karɓa daga SAM, sinadarin da ke raba metil a cikin sel, a samu MMA mai metil ɗaya sannan DMA mai biyu, waɗanda ke fita ta fitsari. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin hanyar kawar da guba kawai. Daga baya aka gano MMA-III, wanda ake samu a tsakiyar hanyar, ya fi asenait kansa dafi.

Sirrin ɓarnar asenait ɗaya ne: yana son sulfa. Duk inda ya tarar da sistin, wato tubalin furotin mai ɗauke da sulfa, biyu ko uku kusa da juna a jikin furotin, sai ya kama su. Daga wannan halin sauran abubuwa suke rassa.

Na farko, kuma a ganinmu mafi muhimmanci, gyaran DNA. Furotin da yawa masu gano lalacewar DNA suna riƙe ta ne da wani ɗan lanƙwasa da ake kira yatsar zink, inda sistin suke kewaye da ƙwayar zink ɗaya. Asenait yana korar zink ɗin ya zauna a gurbinsa, amma ba kowace yatsa ba: yana zaɓen waɗanda ke da sistin uku ko huɗu, yana barin masu biyu. PARP-1, mai gano tsinkewar zare ɗaya na DNA, sistin uku gare shi a yatsunsa. XPA, wanda ke cikin tawagar yanke manyan lahani irin na hasken UV da hayaƙin taba, huɗu gare shi. Dukansu suna raunana a adadin da bai kai na kashe sel ba. Wannan ne ya sa asenik ba ya nuna komai a gwajin Ames na bakteriya, mai gano sinadaran da ke sauya DNA, amma idan aka haɗa shi da UV ko da benzopayirin na hayaƙin taba, sauye-sauyen gado suna ƙaruwa fiye da na kowanne shi kaɗai. Ba shi ne ke tsaga bangon ba, maginin da ke yaɓe tsagar yake ɗaure wa hannu. Binciken al'umma a Taiwan da Chile ya nuna haka: mai shan taba da ke shan ruwa mai asenik, haɗarinsa ya zarce a tara na biyun.

Na biyu, iskar oksijin mai ƙuna, wadda ake taƙaitawa da ROS. Asenait yana tayar da enzayim ɗin NADPH oksides, yana dagula mitokondiriya, yana kuma cinye gulutatayon. Sakamakon shi ne sufaoksaid da haidurojin feroksaid, su kuma su ƙona guwanin na DNA ya zama 8-oxo-dG. Sel yana mayar da martani ta Nrf2, wanda ke kunna ƙwayoyin gado na kariya irin su HMOX1 da NQO1. A kwanakin farko wannan kariya ce. Idan ta ƙi kashewa, sai ta zama garkuwar sel mai lahani, ta hana shi mutuwar da ta kamace shi. Asenait yana iya riƙe Nrf2 a kunne ta wata hanya ta biyu: yana toshe aikin share shara na sel, furotin p62 ya taru, ya kama Keap1 wanda aikinsa rusa Nrf2.

Na uku, rabon kuromosom. Tubulin, wanda ake gina igiyoyin jan kuromosom da shi, cike yake da sistin. Idan igiyoyin suka samu matsala, wani sel ya tafi da kuromosom fiye da kima, wani da ragi.

Na huɗu, alamomin da ke kan DNA da histon masu faɗa wa ƙwayar gado ta yi magana ko ta yi shiru. Ana ganin metil yana raguwa a DNA gaba ɗaya, yana kuma ƙaruwa a bakin wasu ƙwayoyin gado masu hana ƙari, kamar p16. Alamar H3K9me2 a histon tana ƙaruwa, miR-21 yana hawa. Irin wannan sauyin sel yana gadar wa 'ya'yansa shi ko bayan asenik ya fita, kuma shi ne mafi kusa da bayanin abin da aka gani a Antofagasta.

Zaɓen sel

Kada a yi gwajin rikiɗa, wato komawar lafiyayyen sel mai halin sankara, da A549. Sel ne da aka ciro daga sankarar huhu, ya riga ya rikiɗe, kuma Keap1 ɗinsa a lalace yake, don haka Nrf2 ɗinsa a kunne yake tun kafin ka zuba komai.

Wanda aka fi amfani da shi BEAS-2B ne, sel na fatar cikin bututun huhu da aka hana tsufa da ƙwayar cutar SV40 haɗe da adenobairos. Yana da sauƙin reno, amma furotin T na SV40 yana riƙe p53 da Rb, furotin biyu masu hana ƙari. Duk wanda zai yi magana a kan p53 daga sakamakon BEAS-2B sai ya yi taka-tsantsan. HBEC3-KT, wanda aka ɗorar da hTERT da Cdk4, p53 ɗinsa yana aiki, sai dai ya fi wuyar rikiɗa, abin da shi kansa darasi ne. Mai hali ya yi da duka biyun.

Kafin farawa a tabbatar da asalin sel ɗin da gwajin STR mai tantance DNA, a duba maikofilazma, wata ƙaramar bakteriya mai gurɓata sel. Maikofilazma yana sauya ROS da saurin rabuwa ba tare da ruwan reno ya yi gurɓi ba, kuma gano shi a wata na biyar asarar wata biyar ce.

Batun siram, wato ruwan jinin dabba da ake ƙarawa a ruwan reno, yana buƙatar shawara tun ranar farko. An tsara BEAS-2B ne don ruwan reno marar siram, irin BEGM ko LHC-9, a kwalbar da aka shafe da faiburonektin da kolajin da albumin. Siram yana tura wasu daga cikinsu su koma masu faɗi su daina rabuwa, waɗanda suka jure kuma su mamaye kwalbar. Ɗakunan gwaji da yawa suna renonsa a DMEM mai siram kashi 10 cikin 100, kuma yana girma, amma ba sel ɗaya ba ne da na farko. Ko wanne ka zaɓa, kada ka sauya a tsakiya. Yawan folet da metiyonin ya bambanta tsakanin ruwan reno, kuma su ne tushen SAM, wato sauya ruwa kawai yana iya motsa sakamakon metil.

Haɗa ruwan asenait

Sodiyam asenait, NaAsO2, nauyin mol ɗinsa giram 129.9 ne. Narka miligiram 129.9 a mililita 10 na tataccen ruwa, ka samu milimola 100, wato 100 mM. Tace shi da matata mai ramin 0.22 µm, ka raba a ƙananan bututu, ka ajiye a sanyin digiri –20. Daga wannan a yi 1 mM ta hanyar sirka kashi ɗaya cikin ɗari. Maikurolita 10 na 1 mM a mililita 10 na ruwan reno ya ba da maikuromola 1, wato 1 µM.

Dalilin rabawa ƙanana shi ne asenait yana komawa asenet idan ya daɗe yana haɗuwa da iska. Asenet kuma sai ya yi gogayya da fosfet mai yawa da ke cikin ruwan reno kafin ya shiga sel. Mai amfani da kwalba ɗaya wata shida yana buɗewa yana rufewa zai ga tasirin yana raguwa, ya ɗauka sel ne suka saba. A narkar da sabon bututu duk mako.

A auna garin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau. Kada sharar asenik ta haɗu da asid da ƙarfe irin zink ko alminiyam, domin hakan yana fitar da iskar asin, wadda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Duk ruwan reno da aka zuƙe daga kwalba shara ce mai guba, a tara ta daban. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ba ta rusa asenik, sinadari ne na asali.

Nawa za a zuba

Maikuromola ɗaya daidai yake da kusan maikurogiram 75 na asenik a lita. Iyakar 10 ta ruwan sha kusan 0.13 µM ke nan, ruwan Antofagasta kuma ya haura 11 µM. Amma sel ɗin huhu ba ruwan famfo yake sha ba, jini ne ke kai masa, kuma abin da ke cikin jinin masu shan gurɓataccen ruwa yawanci bai kai 1 µM ba. Shi ya sa gwajin dogon lokaci yake zama tsakanin 0.1 da 2 µM.

Fara da gwajin awa 72 a kan 0, 0.1, 0.25, 0.5, 1, 2.5, 5, 10 da 20 µM. Zaɓi adadi biyu ko uku da sel sama da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 suke rayuwa. Kada ka dogara da MTT, gwajin launi na auna sel masu rai, shi kaɗai. Aikin enzayim na numfashin sel yake aunawa, kuma asenait yana taɓa wannan kai tsaye, har yana toshe fairubet dihaidurojines ta hanyar kama sulfa biyu na lifoyik asid. Launin zai iya raguwa sel suna raye. Ƙirga su da tirifan bulu, ka kuma yi gwajin kafa gungu. Yawan sel a kwalba ma yana sauya dafin: adadi ɗaya ya fi kisa idan sel sun yi ƙaranci, saboda rabon kowanne ya fi yawa. A riƙa shuka adadi ɗaya kowane lokaci.

A gefe guda, asenik tirayoksaid magani ne da ake warkar da wani nau'in sankarar jini da shi, APL. Sinadarin da ke kashe sel mai sankara a wani adadi shi ne ke renonta a ƙasa da haka, don haka sakamakon 10 µM ba ya fassara na 0.5 µM.

Renon watanni

Ana ɗaukar mako 16 zuwa 26, wani lokaci fiye. A sauya ruwa duk kwana biyu ko uku da sabon asenait. A raba sel kafin su cika kwalba, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100, domin cikar kwalba tana tura BEAS-2B ga daina rabuwa kuma tana zaɓen waɗanda ba sa jin cunkoso, wato abin da kake jiran asenik ya haifar. Idan ruwan ba siram, sai an kashe tirifsin, enzayim ɗin da ake ɓamɓare sel da shi, da maganin hana shi aiki, in ba haka ba ragowarsa za ta ci sel ɗin.

Abu biyu ne ke raba gwaji mai daraja da marar daraja. Ɗaya shi ne rukunin kwatanci da ba a zuba wa komai ba, wanda ake raba shi rana ɗaya, sau ɗaya da na asenik, daga farko har ƙarshe. BEAS-2B yana rikiɗa da kansa idan ya daɗe, musamman a siram. Kwatanta sel ɗin mako 24 da wanda aka fito da shi daga firiza jiya ba ya nuna aikin asenik, tsufa yake nunawa. Ɗayan kuma shi ne kwalabe aƙalla uku masu zaman kansu ga kowane adadi, tun ranar farko, ba a taɓa gauraya su ba. Idan kwalba ɗaya aka rena aka raba ta uku a ƙarshe, mai yiwuwa zuriyar sel ɗaya tak da ya yi sa'a ake aunawa sau uku.

Duk mako huɗu a daskarar da wani kaso, a ajiye DNA da RNA da furotin. Da wannan ne za a san abin da ya riga wani, kuma idan naman gwari ya shiga kwalba akwai inda za a koma.

Abin da za a auna, da tarkon kowanne

Tabbatar asenik ya shiga. A narkar da sel da naitirik asid a auna da ICP-MS, na'urar da ke tantance sinadarai ta nauyinsu. Asenik nauyinsa 75 ne, kuma agon na na'urar idan ya haɗu da kuloraid yana ba da 75 shi ma. Ragowar gishirin wanki ko haidurokulorik asid za su ba ka asenik na ƙarya, sai an kunna ɗakin karo na hiliyam. Don raba As-III da As-V da MMA da DMA sai an haɗa da HPLC, na'urar rarrabe sinadarai. Hawan HMOX1 cikin 'yan awoyi alama ce mai sauƙi cewa ruwanka yana aiki.

ROS ya fi kowanne yaudara. Rinin DCFH-DA da ake auna shi da shi yana haske saboda dalilai da yawa, har hasken madubin dubawa. A haɗa shi da DHE ko MitoSOX, da ma'aunin gulutatayon, da 8-oxo-dG. Kuma a yi hattara da hujjar da aka fi yawan kafawa, cewa an zuba NAC, maganin rage ROS, tasirin ya ɓace, saboda haka ROS ne sanadi. NAC yana ɗauke da sulfa, ana zuba shi a milimola, asenait yana maikuromola, zai iya kama asenait ɗin tun a ruwan reno. Katales ko SOD, enzayim masu rusa ROS, sun fi zama hujja. Kada kuma ka yi mamaki idan ROS ya hau a makonnin farko sannan ya faɗi ƙasa da na kwatanci bayan rikiɗa. An ga haka a BEAS-2B, kuma aikin Nrf2 ne da ya ƙi kashewa.

Gyaran DNA ba a ganinsa sai an ba sel aikin gyara. Bayan awa 24 a cikin asenait, zuba haidurojin feroksaid 100 µM na minti biyar, ka rina don ganin sarƙar PAR da PARP-1 ke ginawa. Sel mai asenait zai gina kaɗan. Sannan yi gwajin komet mai alkali, inda tsinkakken DNA ke fita daga sel kamar wutsiya, a minti 0, 15, 30 da 60 bayan wanke feroksaid ɗin. Abin dubawa shi ne saurin gajarcewar wutsiyar, ba tsawonta na farko ba. Ƙara enzayim ɗin Fpg yana fito da guwanin da ya ƙone. Idan ƙara zink kuloraid kaɗan, 2 zuwa 5 µM, ya dawo da aikin, hujjar yatsar zink ta yi ƙarfi. Don kwaikwayon mai shan taba a yi rukuni huɗu: ba komai, asenait kaɗai, BPDE, wato sigar benzopayirin mai lalata DNA, kaɗai, da biyun tare, a bi yadda lahanin ke raguwa cikin awa 24.

Ga kuromosom, gwajin ƙananan cibiyoyi: saitokalasin B, mai hana sel tsagewa biyu bayan cibiyarsa ta rabu, maikurogiram 3 zuwa 6 a mililita, a bar sel su yi zagayen rabuwa ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙirga sel 1000 masu cibiya biyu a kowane samfuri, mai ƙirgar bai san wane rukuni ba ne. Rina santuromiya yana bambanta gutsuren da ya karye da kuromosom sukutum da aka bari a baya. Asenik yana yin duka biyun.

Ga metil, LINE-1, wani yankin DNA da ke maimaituwa ko'ina, yana ba da hoton gaba ɗaya, sannan a duba bakin p16. Kada a yi saurin cewa AS3MT ne ya cinye SAM. Ana ganin raguwar metil har a sel da ba sa liƙa wa asenik metil sosai, saboda enzayim ɗin DNMT masu liƙa wa DNA metil suna raguwa, kuma sel yana karkatar da homosistin zuwa ƙera gulutatayon.

Shin sun rikiɗe?

Alamun farko a ido suke: sel da ke manne da juna kamar daɓe sun fara tsawo suna warewa, E-kadirin ya ragu, bimentin ya ƙaru. Hujjar ɗakin gwaji kuwa ita ce girma ba tare da manne wa ƙasa ba. A faranti mai rami shida, a zuba agar kashi 0.6 cikin 100 a ƙasa ya daskare, sannan sel 5000 a cikin agar kashi 0.3 a sama, a riƙa ɗiga ruwan reno sau biyu a mako, a jira mako uku zuwa huɗu, a rina da kiristal bayolet. Agar ɗin sama ya kasance wajen digiri 40 lokacin gaurayawa. Ya fi haka ya dafa sel, ya gaza haka ya yi gudaji. Idan na ƙasa ya yi laushi, sel za su nutse su manne wa roba su yi girma irin na kowa. Idan ba a warware su ɗaya-ɗaya ba, dunƙulen ranar farko za a ƙirga a matsayin gungu, don haka a duba faranti a madubi washegarin shuka. A yanke girman da za a kira gungu tun kafin ƙirga.

A yi wannan sau biyu: da sel da ke cikin asenait, da waɗanda aka cire musu shi mako biyu zuwa huɗu. Abin da ya dawo daidai bayan cirewa sabawa ce ta ɗan lokaci. Abin da ya zauna shi ne rikiɗa. Mataki na gaba shi ne dasa su a ƙarƙashin fatar ɓera marar garkuwar jiki, bayan amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji, tare da sel ɗin kwatanci da aka rena tsawon lokaci ɗaya da su.

Wajen rubuta sakamako a tuna kwalba ba ta da hanta. Huhun mutum yana samun cakuɗen asenait da MMA da DMA, kwalbarka asenait kaɗai ta samu, sai ka auna AS3MT na sel ɗinka ko ka ƙara rukunin MMA-III. Dabbobi ma ba su cika cike giɓin ba: jan jinin ɓeran rat yana riƙe DMA fiye da na mutum nesa ba kusa ba, ƙananan ɓeraye irin na mouse kuma, idan sun riga sun girma, suna da wuyar kamuwa da ƙari daga asenik kaɗai. Inda aka fi ganin ƙarin huhu a cikinsu shi ne idan uwa ta sha ruwan tana da ciki, 'ya'yan suka girma, don haka mai son ɗaukar tambayar daga kwalba zuwa dabba ya tsara shan ruwan ya faɗa cikin kwanakin da huhun ɗan tayi yake ginuwa.